Dafin da Wuta Ba Ta Kashewa

A nan Katsina mun taso da yarda cewa duk abin da ya sha wuta ya zama lafiyayye, shi ya sa uwa kan kwantar da hankalinta da zarar ta tafasa ruwan tafki. Hakan gaskiya ne game da ƙwayoyin kwalara da taifot, amma akwai dafin da girki ba ya karya shi, kuma tushensa wasu ƙananan halittu ne masu shawagi a teku, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita.

Idan ruwa ya yi ɗumi, koguna kuma suka kwararo da takin zamani da ƙazantar birane, halittun nan sukan hayayyafa har su kai miliyoyi a lita guda, teku ya rine ja ko ruwan ƙasa. Kawa da danginta masu ɓawo, dabbobin teku da mutane ke ci, suna tace ruwa ne su samu abinci, saboda haka dafin yakan taru a namansu alhali su suna raye. Wani nau'in ƙananan halittun nan mai suna Alexandrium yana fitar da dafin saxitoxin, wanda ke farawa da mutuwar leɓe da harshe, ya bi gaɓoɓi, har ya tsayar da numfashi. Ba shi da makari. Abin da likita ke iyawa shi ne ya riƙe mara lafiya da na'urar numfashi har dafin ya fita. A 1987 irin wannan dafi ya kashe mutum 26 a gaɓar Guwatamala, kuma a shekarar ce wani daban ya kwantar da mutum fiye da 100 a Kanada, wasunsu ba su sake iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa ba.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda ba mu da teku. Abin da ya dame ni shi ne ruwan daɗi ma yana da nasa: gansakuka mai launin kore da shuɗi, wadda taki da zafi ke ciyarwa, kuma dukansu biyu muna da su a kewayen madatsun Zobe da Jibiya da Sabke, inda ake noman rani. A 2014 an hana mazauna Toledo ta Amurka, kimanin mutum 400,000, shan ruwan famfo saboda dafin gansakukar Tafkin Erie, aka kuma gargaɗe su kada su tafasa shi, domin tafasawa ƙara masa ƙarfi take yi. Ina so a riƙa gwada ruwan madatsunmu a watannin bazara, a kuma sanar da masunta da makiyaya sakamakon a rediyo kafin su kai koma ko garke bakin ruwa.