Makon da na raina

Ranar da aka tara mu sabbin ɗalibai a babban ɗakin taro, minti ashirin na yi na sulale. Wani dattijon malami ne a gaba yana bayanin yadda ake lissafin maki, ni kuwa gani nake ba da ni yake ba. Daga sakandare na fito ina cikin na gaba-gaba, ban taɓa sanin ɗacin faɗuwa jarrabawa ba, to me zai faɗa mini? Na taɓa wani da muka saba a layin rajista da safe, muka fice zagaya makaranta. Sauran kwanakin makon wayar da kai ko leƙawa ban yi ba. Littafin dokokin ɗalibai da aka raba mana kuwa sai ƙarshen shekara na zaro shi daga ƙasan akwati, bayan aikin gama ya gama.

Ƙannena masu shirin shiga jami'a, abin da dattijon nan ya faɗa bayan fitata shi zan maimaita muku, don ni sai da na biya shi da shekara uku.

A tsarin da muka yi karatu a kai, kowane kwas yana da nauyinsa, wani biyu, wani uku, wani huɗu. Kowane sakamako kuma yana da makinsa: A biyar, B huɗu, C uku, a yi ta sauka har F da ba ta da komai. Sai a ninka makin da nauyin kwas ɗin, a tara na duk kwasa-kwasan, a raba da jimillar nauyin da ka yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne matsakaicin makinka, wanda ɗalibai ke kira CGPA. Wasu jami'o'in a kan huɗu suke aunawa, wasu ma ba sa sa shekarar farko a lissafin ƙarshe, shi ya sa tambayar farko da ya kamata ka yi a sashenku ita ce yaya naku yake. A namu dai tun daga zangon farko ake tarawa, kuma abin da ya shiga ba ya fita.

Ni da 2.0 na gama shekarar farko. Na ce ai ba komai, gaba na nan. Sai da na zauna da biro na ga ramin da na haƙa wa kaina. Ka ɗauka kowace shekara nauyi 36 kake ɗauka, shekara huɗu 144 ke nan. In kana so ka fita da 3.5, kana bukatar maki 504 gaba ɗaya. Shekarar farko ta ba ni 72. Saura 432 a kan nauyi 108, wato dole matsakaicin makina ya zama B, shekara uku a jere, duk C ɗin da na ci sai na rama ta da A, kuma a daidai lokacin da karatun yake ƙara tauri. Kwasa-kwasan ajin farko su ne mafi sauƙi a duk zaman, yawancinsu maimaicin abin da ka taɓa gani ne da ɗan ƙari. A nan ake tara maki da araha, a nan kuma na yi wasa da su.

Abin takaicin, ba duka rashin karatu ne ya jawo ba. Akwai wani kwas mai nauyi uku da lokacinsa ya ci karo da wani. Na je sau biyu na daina, a tunanina tunda ban rubuta jarrabawarsa ba, kamar ban ɗauke shi ba ne. Ashe akwai 'yan makonni a farkon zango da ake ba ɗalibi dama ya ajiye kwas ko ya ƙara wani a hukumance, in wa'adin ya wuce sunanka na nan daram a takarda. F ta fito, ta shiga lissafi, kuma na sake ɗaukar kwas ɗin a shekara ta biyu tare da ƙannena. Wannan doka tana cikin littafin da ke ƙasan akwatina, an kuma faɗe ta a makon da na gudu. Haka dokar halartar lakca, wadda a jami'o'i da yawa sai ka cika kashi 75 cikin ɗari kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Haka makin gwaje-gwaje da aikin gida na tsakiyar zango, da nake yi wa kallon abin wasa alhali wani babban yanki ne na sakamakon.

Jadawalin lakca ma yaudara ce ga sabon shiga. Ka saba da sakandare inda daga safe zuwa tashi ana riƙe da kai, sai ka wayi gari ranar Talata lakca biyu ce kawai gare ka. Ni na ɗauka hutu ne aka ba ni. Tsohuwar ƙa'idar da aka gina nauyin kwas a kanta ita ce kowace awa ɗaya a aji tana bukatar kamar awa biyu na karatun kanka a waje. Awannin nan da ka gani fayau, na ɗakin karatu ne, ba wanda zai zo ya ce maka tashi ka tafi. Na bar komai sai mako biyu kafin jarrabawa, in kwana ina haddace abin da na rubuta wata uku baya, wanda har rubutun nawa ya zame mini baƙo. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a farko-farkon nan take faruwa, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta dare ɗaya zama a kai. Minti talatin na duba lakca a ranar da aka yi ta ya fi kwanan zaune amfani. Na gwada duka biyun, na sani.

Amma in za a tambaye ni tushen duk wannan, girman kai ne da ya sa rigar kunya. Ba na so a gane ni sabo ne. An ware mana malami mai kula da ajinmu, ofishinsa a buɗe, sau ɗaya na shiga a shekarar, shi ma don sa hannu. Tambayoyina wajen 'yan ajin gaba nake kai su a ɗakin kwana, su kuwa kowa da irin fatawarsa: malam wane ba ya kayarwa, kwas kaza ba sai ka je ba. Wasunsu masu kirki ne ƙwarai, sun nuna mini hanya a abubuwa da dama. Sai dai ka lura, wanda ya fi kowa lokacin zama ya ba sabon ɗalibi shawara, sau da yawa shi ne wanda ba ya zuwa aji. Duk abin da ya shafi doka, wa'adi ko maki, ka ji shi daga bakin ofis ko ka gan shi a rubuce. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya san wanda zai tambaya.

Ga iyaye kuma, da izininku. In jami'a ta gayyace ku taron sabbin ɗalibai, ku je, ku zauna har a tashi, ku karɓi kwafin kalandar zango ku ajiye. Mahaifina duk mako sai ya kira ni, tambayarsa ɗaya ce: "Yaya karatu?" Amsata ma ɗaya ce: "Lafiya lau, Baba." Shekara guda muka yi a haka, shi da gaskiyarsa, ni da ƙaryata. Tambayar ce ta yi faɗi, kowa zai iya ɓuya a cikinta. Da ya ce kwas nawa ka yi wa rajista, wanne ne ya fi ba ka wuya, nawa ka ci a gwajin farko, wa ke kula da ajinku, da ban sami wurin laɓewa ba. Ban ce ku riƙa zuwa sashe kuna bin malamai ba, wannan kunyata yaro ne, kuma jami'o'i da yawa ba za su ba ku sakamakonsa ba sai da yardarsa. Ku dai sa ya san cewa in ya kawo labari marar daɗi da wuri, za a saurare shi kafin a yi faɗa. Yaron da ke tsoron faɗa ba ya daina faɗuwa, daina faɗi yake yi.

Ni sai a hutun ƙarshen shekara na miƙa wa Baba takardar sakamakon, bayan na yi kwana huɗu ina yawo da ita a aljihu. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Bai san me 2.0 ke nufi ba, sai da na yi masa lissafin nan da na yi muku, da bakina, har zuwa B ɗin shekara uku. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba a faɗa muku wannan tun farko ba?"

Na ce, "An faɗa, Baba. Ba na wurin."

Ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce in kawo masa littafin dokokin ya gani. Daren nan tare muka karanta shi, daga bango zuwa bango.