Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hanyoyin Guangzhou da Lissafin Kawu

A makon jiya na tsaya a daidai inda Kawu ya yanke shawarar cewa ni zan riƙa zuwa Chana a madadin shagonmu na Kwari, ba Yaya Babba ba, kuma na yi alkawarin kawo labarin masaukina na farko. Zan ɗage wannan tukuna, domin tun da na fara rubutun nan magana guda ce ke ta ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar kuɗin zirga-zirga, wadda ta shiga tsakanina da gidanmu shekara da shekaru, kuma har gobe akwai masu ɗago ta a wurin suna ko ɗaurin aure da sunan wasa, alhali sun san ba wasa ba ce.

Kawu, Allah ya jiƙansa, ya je Guangzhou da ƙafarsa a 2002. A lokacin jirage na sauka ne a tsohon filin jirgin Baiyun, wanda ke cikin gari, dab da unguwar Sanyuanli inda kasuwannin tufafi da takalma da jakunkuna suke. Mutum zai fito daga jirgi, kafin ya gama gyara zama a tasi ya iso masauki. Daga masauki zuwa kasuwa kuwa babur ake hawa, kamar dai achabarmu, a biya 'yan yuwan kaɗan, wato kuɗin Chana. Kawu mutum ne mai rubuta komai, saboda haka ya dawo da ɗan littafi wanda ya zuba duk abin da ya kashe a ciki, har kuɗin ruwan sha. Ranar da zan tafi ya buɗe mini shi shafi bayan shafi, sannan ya ce, "Kai yaro, ka bi yadda na bi. Hanyar lafiya a bi ta da shekara." Na ce, "To Kawu, Allah ya ƙara girma."

Abin da littafin bai sani ba shi ne, a watan Agustan 2004 an rufe wancan fili, an koma sabo a wajen Huadu, kimanin kilomita 28 daga tsakiyar gari. Da na sauka a 2006, kuɗin da na biya daga filin jirgi zuwa Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke taruwa, ya ninka na Kawu sau da yawa, kuma haka na rubuta shi. Wannan ne layi na farko da aka ja wa jan biro a lissafina. Yaya Babba ne ke duba lissafin a lokacin, kuma shi ne ya fara cewa ai filin jirgi ba ya tashi ya yi tafiya.

Babur ɗin ma ban daɗe ina cin moriyarsa ba. Hukumomin birnin sun riƙa hana shi sannu a hankali, yau wannan titi, gobe wancan, har ranar 1 ga Janairun 2007 aka haramta shi baki ɗaya a cikin gari. Babban dalilin da aka bayar shi ne masu fizge, waɗanda kan zo su biyu a kan babur su wafce jaka ko waya ko 'yan kunnen mata su ɓace, musamman a kewayen babbar tashar jirgin ƙasa, inda nan ne mu 'yan kasuwa muke yini. A ganina hukuma ta yi daidai, domin duk wanda ya taɓa tafe da dalolin mutane a ƙugunsa a wannan wuri ya san irin faɗuwar gaban da ƙarar babur ke jawowa. Sai dai adalci ne kuma a faɗi cewa mu ne muka biya kuɗin wannan gyara. Samfurin yadi da a da ake ɗorawa a bayan babur daga kasuwar yadi ta Zhongda zuwa sito, yanzu sai an ɗauki tasi ko ƙaramar motar kaya, kuma ba kowane direban tasi ke tsaya wa baƙar fata mai ɗauke da ƙunshi ba. Na yi wa Kawu bayani ta waya da katin kira, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce garin da babu achaba bai taɓa jin labarinsa ba, in nemi masu babur ɗin da ya saba hawa, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Wannan ya tuna mini da 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana achaba ɗaukar fasinja bayan harin da aka kai wa ayarin mai martaba Sarki Ado Bayero a watan Janairu. Yaya Babba ya kira ni yana ƙorafin cewa yaran shago sun ƙara kuɗin kai kaya saboda yanzu sai A Daidaita Sahu, kuma wai ba a samunta da wuri. Na yi masa jaje, na ce Allah ya kawo sauƙi. Ban tuna masa da komai ba a ranar, amma tun da yana karanta wannan rubutu, kamar yadda aka gaya mini, to ga shi na tuna masa yau.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na farkon 2008. A ƙarshen Janairu, dab da bikin sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da ma'aikatan masana'antu ke barin Guangdong su koma ƙauyukansu, aka yi dusar ƙanƙara da ruwan sama mai daskarewa a kudanci da tsakiyar ƙasar. A cikin Guangzhou kanta ƙanƙara ba ta sauka ba, sanyi ne kawai da yayyafi, amma a lardin Hunan turakun wutar lantarki sun kakkarye, jiragen ƙasan da ke bin layin Beijing zuwa Guangzhou suka tsaya, babbar hanyar mota kuma ta toshe a duwatsun arewacin Guangdong, wajen Shaoguan. Mutane dubu ɗaruruwa suka taru a filin da ke gaban babbar tasha, da jakunkunansu da 'ya'yansu, suna tsaye cikin ruwa dare da rana, sojoji da 'yan sanda sun yi musu shinge da jikinsu. Wasu aka kwashe su zuwa tsohon zauren baje kolin Canton da ke Liuhua. Firaminista Wen Jiabao da kansa ya zo tashar ya yi wa jama'a magana da lasifikar hannu. Na ga taron da idona daga kan gadar masu tafiya a ƙafa, kuma ban taɓa ganin cinkoso irinsa ba sai a wurin jifan Shaiɗan.

Yadinmu a lokacin yana cikin wata babbar mota da ta taso daga Keqiao a lardin Zhejiang, ta maƙale a hanya. Kafin ta iso, jirgin ruwan da muka kama wa kwantena a Huangpu ya tashi, masana'antu da sito-sito kuma sun rufe don hutun shekara. Da na faɗa a gida, sai aka ce ƙanƙara ce ta ci kuɗin mutane. An daɗe ana kirana da wannan suna a layinmu na Kwari, wai Mai Ƙanƙara. Daga baya wasu sun ji labarin a rediyo, sun kuma ji daga bakin 'yan kasuwar da suka dawo, amma ba wanda ya tako ya ce mini ashe gaskiya ka faɗa. Gwaggo ce kaɗai ta aiko a gaya mini in yi haƙuri, in riƙa sa rigar sanyi.

Wani zai ce yaya mutumin da bai iya karatun Sinanci ba yake sanin abin da ke faruwa a gari. Akwai wani dattijo Musulmi, ɗan ƙabilar Hui daga arewa maso yammacin ƙasar, mai shagon taliyar hannu ta halal kusa da benen Tianxiu da ke Xiaobei, wanda a wurinsa nake cin abincin rana. Ya ɗan taɓa Larabci, ni ma na taɓa, saboda haka yakan buɗe jaridar yamma ta Yangcheng Wanbao ya nuna mini taswira, ya ce za a rufe wannan titi, za a haƙa rami a wancan, daga wata mai zuwa bas kaza za ta sauya hanya. Sauran labarin kuma ranar Juma'a ake samunsa, a harabar masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda akwai kabarin da Musulmin garin ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Bayan sallama za ka ga 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da 'yan Mali da 'yan Gini sun yi gungu-gungu, kowa na faɗin inda ake binciken fasfo da hanyar da ta fi sauri zuwa Foshan, birnin da ke maƙwabtaka da Guangzhou. A irin wannan zama na fahimci cewa a Guangzhou labarin hanya shi ne labarin kasuwa, domin duk inda aka buɗe sabuwar tasha, kuɗin hayar shago ya tashi, masu sito kuma su ƙara matsawa bayan gari.

Daga ƙarshen 2009 zuwa ƙarshen 2010 garin ya sauya kamanni saboda shirin gasar wasannin Asiya. A Disambar 2009 aka buɗe layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ba Xiaobei tasharta, ya haɗa ta da babbar tashar jirgin ƙasa a zango guda, daga nan kuma mutum ya sauya zuwa layi na 2 ya sauka a Sanyuanli. A wannan watan ne kuma jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya fara zuwa Wuhan. A Fabrairun 2010 aka buɗe hanyar bas ta musamman a tsakiyar titin Zhongshan, a ƙarshen Oktoba layi na 3 ya kai har filin jirgin sama, a Nuwamba kuma layin Foshan ya fara aiki. Har ma hukuma ta ce daga 1 ga Nuwamba shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta ne, sai jama'a suka yi masa ca, layin masu jira ya fito har kan titi, cikin mako guda aka soke kyautar aka koma raba wa gidaje tallafin kuɗi. Dattijon nan ya yi dariya har da hawaye da yake karanta mini labarin.

Ni dai na sayi katin Yang Cheng Tong, wanda ake zuba wa kuɗi a taɓa a ƙofa, na bar tasi sai da larura. Mafi ƙarancin kuɗin shiga jirgin yuwan 2 ne, kuma ko zuwa filin jirgin sama bai kai ko kusa da kuɗin tasi ba. Lissafina na zirga-zirga ya faɗi ƙasa sosai, na kuma rubuta shi yadda yake, alhali da na bar tsohon adadi babu mai ganewa. Ina tsammanin za a sa mini albarka. Da Kawu ya duba, sai ya ɗago kai ya ce, "To ka gani? Ashe dai ana iya yi da araha. Da ka bi yadda na ce tun farko, da ba a yi asarar nan ba." Yaya Babba yana gefe yana gyaɗa kai. Wato hauhawar kuɗin ta zama shaida a kaina, saukarsa ma ta zama shaida a kaina. Na ce, "Haka ne Kawu," domin ba a musu da wanda ya rene ka, amma a daren ban yi barci ba.

Ba na zargin Kawu da mugun nufi. Mutum ne da ya fara fatauci a zamanin da hanyar Kano zuwa Legas ta jirgin ƙasa take yadda uban mutum ya bar masa ita, kuma karin maganar nan tasa ta yi masa aiki duk tsawon rayuwarsa. A Guangzhou ne kawai ban ga hanyar da ta shekara a yadda take ba. Ko a 2012, da aka ƙayyade yawan sababbin lambobin mota da za a riƙa bayarwa, aka koma ƙuri'a da gwanjo, sai da direban da ke ɗaukar mana kaya ya ƙara kuɗi, na kuma biya bambancin daga aljihuna don gudun wani jan biron. Kawu ya rasu bai san da wannan ba.

Yaya Babba bai taka Chana ba sai a 2019. Ya sauka a sabon ɓangare na biyu na filin jirgin, wanda aka buɗe shekara guda kafin nan, da damin takardun kuɗi a aljihu, a garin da hatta mai sayar da dafaffiyar masara a bakin titi da manhajar waya ta WeChat ake biyansa. Ni na saya masa kati, ni na nuna masa inda ake ɗora jaka a na'urar bincike, ni na riƙe masa hannun riga a tashar Tiyu Xilu da yamma don kada taro ya tafi da shi. Na kai shi tashar Kudu muka hau jirgi mai gudu zuwa Shenzhen, muka isa cikin kusan rabin sa'a, yana ta salati yana ɗaukar hoton allon da ke nuna gudun jirgin. Na nuna masa inda tsohon filin jirgin Kawu yake, wanda yanzu gine-gine ne da tituna da lambu, na ce, "Yaya, ga filin da kuka ce ba ya tafiya." Ya yi kamar bai ji ba, ya tambaye ni lokacin la'asar.

Da ya koma Kano, labarin da ya ba 'yan layinmu shi ne, zirga-zirga a Chana kusan kyauta ce, da yuwan 2 sai ka zaga gari, kuma shi cikin kwana biyu ya gane kan hanyoyin. Wanda ya ji da kunnensa ne ya kira ni ya gaya mini, ya ƙara da cewa a wurin har wani ya sake ambaton Mai Ƙanƙara aka yi dariya.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan masaukin da na yi alkawari, da yadda maganar sabunta biza ta raba ni da abokin zamana ɗan Maraɗi.