Daga Maraɗi zuwa Gidan Rumji, muna auna inda muryar rele ke tsayawa

Bayan sallar asuba muka bar Maraɗi, mu uku a mota, da rediyo mai wat 25 a gaba da eriya mai mayen ƙarfe a kan rufi. Aikin ranar shi ne gano iyakar rele ɗin gwaji da aka ɗora a kan wani bene cikin gari. Rele na'ura ce da ke karɓar murya a layi ɗaya ta sake fitar da ita nan take a wani layin, don ƙananan rediyoyin hannu su ji juna daga nesa. Namu yana sauraro a megahaz 145.025, yana fitarwa a 145.625, tazarar kilohaz 600 ke nan kamar yadda aka tsara a zangon mita 2, wato layukan da aka ware wa masu rediyon sha'awa a wajen megahaz 145. Kowannenmu da lasisinsa, da lambar kira mai farawa da 5U, alamar Nijar.

A Tibiri murya tangaran, kamar mutum na zaune kusa da kai. Bayan kilomita ashirin da 'yan kai sai ta fara shashshaka. Dattijon da ke tare da mu, wanda ya daɗe a harkar, ya ce direba ya tsaya. Ya zana lissafin nisan da murya ke kaiwa gwargwadon tsayin eriya a kan rairayi da tsinke: eriyar rele tana mita 16 daga ƙasa, tushen 16 huɗu ne, a ninka da 4.1, kilomita 16 da ɗoriya. Ta mota tana mita 2, ta ƙara kusan kilomita 6. Jimla wajen 22. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutsen da za a hau, tsayin da ka gina shi ne tsayinka.

Na ce, "Baba, in aka ƙara wa rele wat fa?"

Ya ce, "Yaro, masu ƙananan rediyo za su ji ka, kai ba za ka ji su ba. Rele da kunne yake aiki kafin baki."

Gaskiyarsa ce, kuma nan yawancin masu farawa ke ɓata kuɗinsu. Wayar eriya ita ce ɓarauniyar farko. Siririyar nan RG-58, in ta kai mita 30, tana cinye kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin, wat 25 ya isa sama bai fi 8 ba. RG-213 mai kauri tana isar da wajen 14. Asarar da ake yi a fita, ita ake yi a shigowa, ga muryar mai ƙaramin rediyo da ma can ba ta da ƙarfi.

Muna shan shayi a gindin wani gawo ya ba mu labarin relensu na farko. Rediyon mota biyu ƙirar Motorola GM300 suka haɗa, ɗaya na ji, ɗaya na magana, kowanne da eriyarsa a sanda guda. Da mai maganar ya buɗe baki sai ya toshe kunnen ɗan'uwansa, murya ta katse, ta dawo, ta sake katsewa. Suka raba eriyoyin, ta ji a sama, ta magana a ƙasa sosai, abin ya ragu bai warke ba. Maganin shi ne dufleksa: gwangwanayen ƙarfe shida, kowanne ya ɗan ɗara rabin mita, uku a ɓangaren ji uku a ɓangaren magana, da eriya guda. Ana saita su da na'urar awo, a ɗaure notin, kada wanda ya sake taɓawa. Zafin watan Afrilu, da ke wuce digiri 40, yana iya sa saitin ya goce, don haka ba a ajiye su ƙarƙashin kwano tsirara.

Wuta kuwa lissafinta a fili yake. Rele na jan kamar rabin amfiya yana jira, wajen 6 yana magana. In ya yi maganar awa biyu a yini, haɗe da jiran sauran awa 22, amfiya-awa 23 ke nan. Batir mai amfiya-awa 100 ba a son ya sauka ƙasa da rabi, kwana biyu kawai zai riƙe babu rana. Faifan sola mai wat 150 ya isa, muddin ana goge shi, don ƙurar hunturu na rufe shi cikin 'yan kwanaki. Kafin damina a duba sandar tagullar da aka kafa a ƙasa saboda tsawa, a kuma naɗe kowane mahaɗi da tef mai hana ruwa, in ba haka ba ruwa zai bi cikin waya ya ɓata ta.

Kafin mu shiga Gidan Rumji rele ya yi shiru. A komowa muka riƙa kira duk bayan kilomita biyar muna rubutawa. Dattijon ya sa a ƙasan takardar: a sauya waya tukuna, sannan a nemi izinin ɗora eriyar a kan shato, wato dogon tankin ruwan gari, inda mita 36 za ta ba da kusan kilomita 25 ita kaɗai.