Samo ya ƙone, Alhaji na neman kuɗin wata

Kano ta san ruwan famfo tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka fara janyo shi daga Challawa, daga baya aka ƙara matatun Tamburawa da Watari. Amma gari ya fi bututu gudu. Mu da muka tare a sababbin gine-ginen bayan Hotoro, bututun gwamnati bai iso layinmu ba tukuna. Ruwanmu na hannun wani maƙwabcinmu Alhaji, wanda ya haƙa burtsatse, ya ɗora manyan tankuna biyu, ya ja mana fayif gida-gida. Gidaje 14 ne, kowa na biyan naira 6,000 a wata, yana sako ruwa safe da yamma. Babu takarda, babu rasit. "Ai mu 'yan uwa ne," haka muka ce a lokacin.

A watan Afrilu, bazara ta yi tsakiya, samo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin burtsatsen, ya ƙone. Kwana 19 famfo bai ɗiga ba. Muka koma wa 'yan garuwa, su ma da suka ga layi guda ya dawo hannunsu sai jarka ta hau. Abin da na kashe a kwanakin nan ya ninka kuɗin wata. Ƙarshen wata sai ga yaron Alhaji da littafinsa, wai a kawo dubu shida cif. Uwargida ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Maigida, kuɗin ruwa ne ko kuɗin iska?"

Na ƙi biya, wasu gidaje biyar suka bi bayana. Alhaji ya ce zai yanke mana fayif. Haka muka tsinci kanmu a zauren mai unguwa bayan sallar la'asar.

Hujjar Alhaji ba ta banza ba ce. Ya ce sabon samo daga aljihunsa ya fito, ga man janareta, ga mai gyara, kuma ba shi ya ƙona injin ba, wuta ce ta zo da ƙarfi. Liman, wanda aka kira don ya raba gardama, ya ce malamanmu na Malikiyya ba su hana mutum sayar da ruwan rijiyar da ya haƙa a filinsa ba, amma a babin ijara, wato haya, kuɗi na bin amfani ne. Idan amfani ya yanke, kuɗin kwanakin ya faɗi. Ni kuma na zo da tawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a dokar ƙasa haka ne." Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta kuma kafa hukumar kare masu sayayya ta FCCPC, ta ce wanda ya karɓi kuɗinka don ya yi maka aiki, wajibi ne ya yi a kan lokaci, in jinkiri ya zama dole ya sanar da kai da wuri. In ya gaza, ko ya gyara, ko ya mayar maka da kuɗi gwargwadon abin da ka rasa. Alhaji kuwa ko saƙon waya bai turo mana ba, a bakin yara muka ji.

Ina cikin jin daɗin bakina sai Alhaji ya gyara zama ya ce, "Malam, tunda doka ake so, a faɗi duka." Ya tuna wa jama'a makon da na ja tiyo daga famfon gidana zuwa filin ƙanena, aka buga bulo har dubu biyu da ruwan da aka sayar mini don sha da wanki. Wallahi na manta da wannan, ko in ce na so in manta. Ya buɗe littafi: gida uku suna da bashin wata huɗu, ɗaya daga cikinsu shi ya fi kowa ɗaga murya. Akwai kuma mai barin famfo a buɗe har ruwa ya malala kwata. Zaure ya yi tsit.

Mai unguwa ya sa aka kawo takarda da biro. Liman ya karanto ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kan a rubuta abin da ke tsakani. Muka rubuta cewa idan ruwa ya ɗauke fiye da kwana uku, za a cire kuɗin kwanakin. Alhaji zai sanar kafin ya ƙara farashi ko ya rufe don gyara. Ba zai yanke wa kowa ba sai bayan gargaɗin mako biyu. Mu kuma biya kafin biyar ga wata, kuma ruwan gini ko na sana'a sai an yi ciniki daban. Wata ma'aikaciyar jinya da ke layin ta aiko mijinta da sharaɗin da babu wanda ya tuna a cikinmu: a riƙa wanke tankuna duk bayan wata uku, a kuma kai ruwan a gwada, domin sokawen wani gida bai yi nisa da burtsatsen ba. Alhaji ya ɓata rai a nan fiye da ko'ina, amma ya sa hannu.

Na biya kuɗin kwana 11 na Afrilu, na kuma biya naira 4,000 na ruwan bulo. Takardar na wurin mai unguwa, kowane gida na da hotonta a waya. Sakamakon gwajin ruwan ne har yau muke jira. Duk sanda na tambaya, Alhaji sai ya ce yaro ya kai.