Kaza Mai Kwanci a Lungun Gidan Haya

A ƙauye kaza ce ke zaɓar gurbinta. Ta shige ƙarƙashin rumbu ta ɓace, sai dai wata safiya a gan ta da 'yan tsaki a bayanta. A Agege, cikin Legas, ba rumbu, ba fili. Lungu ne guda tsakanin katanga da kwata, a nan kaji ke kwana, a nan suke ƙwai, kuma a nan ɗaya za ta ce kwanci take so. Kiwo a wannan lungu ya koya mini cewa mai kaji ne zai yi wa kazar tunanin wuri.

Gane mai kwanci ba wuya. Ta daina ƙwai, ta lafe a gurbi, ka kai hannu ta kumbura gashi tana gurnani, ta kai maka sara. Sau ɗaya take sauka a yini, ta ci, ta sha, ta yi ƙaton kashi mai wari, ta koma da sauri.

Rigimar daga 'yan'uwanta take zuwa. Duk gurbin da wata ta ɗumama, nan sauran ke son sakin nasu ƙwan. Su hau kanta, su tattake, ƙwai ya fashe. Wanda bai fashe ba kuma ya shigo a makare. Kwana 21 ƙwan kaza ke yi, to wanda aka ƙara bayan mako ɗaya ba zai taɓa cim ma na farko ba. Uwar na ganin 'ya'yanta sun bushe sun fara kuka, sai ta tashi da su, a bar ka da baragurbi. Shi ya sa nake sa wa kowane ƙwai alama da gawayi ran da na zuba mata, duk wanda na tsinta ba alama ya tafi kasko. Guda 8 zuwa 10 sun ishi kazar gida. In ka ga ƙwai na leƙowa ta gefen fiffike, an yi mata yawa.

Gurbin nata kwandon tumatir ne, irin waɗanda ake yasarwa a kasuwar Mile 12. A wanke, a shanya, a shimfiɗa garin katako da 'yar toka saboda ƙwarƙwata, a ɗora kan bulo biyu. Bulon nan dole ne, don ruwan Yuni da Yuli a Legas ba ya sallama. Kwata na cika, lungu ya zama tafki. Da dare kuma a kifa raga, don ɓerayen garin nan ba sa jin kunyar kaza.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta gan ni zan ɗauke kazar zuwa sabon gurbin da rana tsaka, ta ce, "Ɗan nan, bari sai bayan isha'i. In ta ga hanya, komawa za ta yi." Na ce, "To, Baba." Da duhu kuwa ko motsi ba ta yi ba, ta wayi gari a sabon gurbi.

Bayan kamar kwana 10 sai in haska ƙwan da tocilar waya a ɗaki mai duhu. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja da ɗan duhu a ciki. Wanda haske ya ratsa tas a fitar da shi kafin ya ruɓe ya fashe. In ƙwan zabi aka sa mata, sai an ƙara haƙurin mako guda, kuma kada a haɗa shi da na kaza rana ɗaya.