Lambar wayar da ta cinye min wata bakwai

Har yau idan na wuce ta gaban shagon kwamfutar nan na bakin titinmu sai na ji raina ya sosu, duk da na san laifin ba na yaron shagon ba ne shi kaɗai. Ni na karɓi takarda mai ɗauke da sunana, na zura a ambulan ban karanta ba.

A ƙarshen 2021 na gama bautar ƙasa, ga HND ɗina ta akanta a hannu. Ina dawowa Kano na je shagon na ce a buga min CV, wato takardar bayanan karatu da aiki da ake neman aiki da ita. Yaron ya buɗe ta wani da ya taɓa bugawa, ya goge sunan mutumin ya sa nawa, ya sauya makarantu da shekaru, ya ce in faɗi lambata. Janareta na ruri, masu jiran fotokwafi na ta mita a bayana. Na faɗa, ya buga, na biya. Shafi huɗu cur. Da na ji kaurinta a hannu sai na ji ni ma wani ne.

Wata bakwai ina rabo. Bankuna, kamfanonin Bompai da Sharaɗa, ƙungiyoyin agaji, wasu in kai da ƙafata in bar wa mai gadi, wasu in ɗauki hotonta in tura. Ko filashin ba wanda ya yi min. A majalisarmu na zama malamin wa'azin cewa ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu, ana ta gyaɗa min kai.

Da Babbar Sallar 2022 'yar kawuna, wadda nake kira Yaya, ta zo gida daga Abuja. A sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani take aiki, shi ya sa na kai mata takardar, a raina ina cewa ga hanya ta samu. Ba ta ko buɗe shafi na biyu ba. Ta ɗauki wayarta ta danna lambar da ke saman takardar, ta sa a sifika. Wayata na aljihuna shiru. Sai ga muryar wata baiwar Allah: "Wai ku ba kwa gajiya ne? Na faɗa muku ba lambarsa ba ce."

Lambobi biyun ƙarshe aka juya. Shi ke nan fa. Matar ta ce an kira ta ya kai sau huɗu ana neman sunana, wasu da Turanci, har saƙo aka taɓa turo mata na ranar intabiyu ta goge. Na ce Hajiya ko kin tuna sunan wurin? Ta ce ina za ta tuna, ita da ke fama da awararta. Imel ɗin da ke jikin takardar kuwa wanda aka buɗe min ne tun rajistar JAMB, na daɗe da manta lambar sirrinsa. Wato duk ƙofar da za a bi a same ni, da hannuna na garƙame ta.

Yaya ta dube ni ta ce, "Malam akanta, lamba goma sha ɗaya ka kasa tantancewa, wa zai ba ka littafin kuɗinsa?" Naman sallar ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

Daga nan ta ɗauki biro ta hau takardar. Addini, ƙabila, matsayin aure, makarantar firamare, layin abin sha'awa da aka rubuta karatu da tafiye-tafiye, duk ta soke. Jihar asali da ƙaramar hukuma ta ce in ajiye sai aikin gwamnati, inda ake bin tsarin raba daidai tsakanin jihohi. Kamfani mai zaman kansa ba abin da yake nema ke nan ba. Dogon Turancin nan na sama mai cewa ni haziƙi ne mai son ci gaban kamfani, ta ce ta karanta shi kalma da kalma a takardun mutane ba adadi. Mutum ukun da na sa a matsayin masu tsaya min, biyu ba su ma san na sa su ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tambayar da ta yi: ina shekara ukun da na yi ina riƙe wa Kawu lissafi a shagonsa na Kantin Kwari? Na ce ai wannan ba aiki ba ne, taimakon gida ne. Ta ce to shi kaɗai ne aikin akanta na gaske da ka taɓa yi. Ta sa na zauna na tuno komai da adadi: dilolin atamfa nawa ke shigowa a wata, 'yan sari nawa nake bin bashinsu, yadda na kwashe littafin bashi na mayar da shi manhajar kwamfuta ta Excel har muka gano kuɗin da aka manta da su. Layi huɗu suka zama, kuma su ne suka koma sama, gaban takardun makaranta. Haka ta yi da shekarar bautar ƙasa: maimakon "na koyar", sai aji nawa, ɗalibai nawa, wane darasi.

Ta kuma hana ni tura hoto. Ta ce manyan kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara tace takardu kafin idon mutum ya gani, tana laluben kalmomin da ke cikin tallan aikin, kuma hoton takarda ba lallai ta iya karanta shi ba. A rubuta a Word, a mayar PDF, a sa wa fayil ɗin cikakken suna. Idan talla ya ambaci Excel ko QuickBooks (manhajar lissafin kuɗi) kuma ka iya, ka rubuta shi yadda suka rubuta. Idan ba ka iya ba kada ka soma, don a intabiyu za a ajiye maka kwamfuta a gaba. Takarda ɗaya kuma ba ta zuwa ko'ina da ko'ina, kowane aiki sai an ɗan taɓa ta.

Shafi huɗu ya dawo ɗaya da rabi. Na buɗe sabon imel da sunana zalla. Lambar kuwa sai da na sa ƙanena ya karanto ta daga takardar yana dannawa, wayata ta yi ƙara a gabana, sannan na yarda. Har yanzu haka nake yi duk sanda na gyara ta, ko da waƙafi na sauya.

Mako biyar bayan nan aka kira ni, a wata na uku na fara aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. A intabiyun, kusan duk tambayoyin a kan littafin bashin Kantin Kwari aka yi su. Alhamdulillahi. Amma kiran nan huɗu suna nan suna min yawo a ka, musamman saƙon da aka goge. Wataƙila banki ne, wataƙila wani ɗan ƙaramin wuri ne da ba zan ma so ba.

Da albashin farko na tura wa Hajiya mai awara katin waya na ba ta haƙuri. Ta kira ta yi godiya, ta ce ai ko makon jiya ma an sake kira ana nemana.