Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Taron da Ba a Zuwa da Ƙafa

A makon jiya na tsaya ne a inda shugaban sashenmu ya dawo mini da takardar neman zuwa taro a Italiya ba tare da ya sa hannu ba, bisa hujjar cewa akwai manya a gabana. Ban sake neman wata tafiya ba har annobar korona ta zo a 2020, aka kulle gari, malaman jami'a kuma suka shiga yajin aikin da ya kai daga watan Maris zuwa Disamba. A wannan zaman gida ne, a ɗakin Inna da ke unguwar Gangare a Jos inda sabis ya fi ƙarfi, na fara halartar tarurrukan horar da matasan masana kimiyya ta intanet.

Na fara da kwas ɗin rubuta maƙalar bincike na AuthorAID, wanda ƙungiyar INASP ta Ingila take gudanarwa kyauta a lokacin. A nan aka koya mana cewa ana fara rubuta hanyar gwaji da sakamako kafin gabatarwa, taƙaitawa kuma sai a ƙarshe, sannan duk wani gyara da masu tantance maƙala suka nema a amsa shi ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, ko da mutum yana ganin ba su fahimce shi ba. An kuma nuna mana yadda ake gane mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga ko mene ne a cikin mako guda. Sai da na ji wannan na gane inda wasu manyanmu suka tara maƙalun da suke mana gadara da su.

Wahalar ba ƙarama ba ce. Taron da aka sa ƙarfe 2 na rana a New York yana faɗowa ƙarfe 7 na yamma a Jos, daidai magariba, ga tuwo a kan wuta, ga yaro a baya, in kuma an ɗauke wutar lantarki sai in kashe kyamarar Zoom don data da caji su kai ni ƙarshe. Kawu, Allah ya jiƙansa, yakan leƙo ya ce, "'Yar nan, wane irin taro ne wannan da ba a gaisawa hannu da hannu? Zuwa da kai ya fi saƙo." Shi ban taɓa jin haushinsa ba, domin mutum ne da ya yi fatauci tun zamanin haƙar kuza, bai yarda da cinikin da ba a ga ido ba.

Wanda ban yafe wa ba shi ne wanda ya maimaita mini wannan karin magana a ofis, lokacin da na haɗa takardun shaidar tarurrukan cikin fayil ɗin ƙarin girma. Na ce, "Ranka ya daɗe, a wannan taron na gabatar da bincikena, har aka yi mini tambayoyi." Ya ture takardun ya ce, "Malama, zuwa da kai ya fi saƙo." Mutumin da ya hana ni zuwa da kai ke nan, wanda kowa ya san alawus ɗin tafiya ne yake kai shi taro, ya dawo da jaka da hotuna.

Shekarun baya-bayan nan na ga sunansa a jerin masu sauraron wani taro ta intanet da nake cikin masu jawabi, kyamararsa a kashe. Amma wannan ya zo daga baya. A 2020 dai, a ƙaramin zauren tattaunawa da aka raba mu bayan wata lacca, na haɗu da wata malama daga Kenya da ta karanta daftarin neman tallafina ta cika shi da jan rubutu. Yadda tallafin ya fito, da rigimar da ta biyo baya a kan sunan wa za a fara sawa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.